Ashana a Kabarin Torvik

Inna Thora ta cika ranar Talata da hantsi, a kan kujerarta, da saƙa a cinya, tana da shekara casa'in da ɗoriya. Mutuwa ce irin wadda kowa ke roƙo, sai dai ta faɗo a makon da bai kamata ba. Kafin dangi su taso daga Dakota da Minnesota, fasto ya duba ya ce sai Asabar za a binne ta. 'Yarta Marlys na jin haka ta dangwarar da kofin kofi a tebur har ya fantsama.

"Wace Asabar?"

"Wannan mai zuwa, Yaya," in ji ƙanenta Duane, yana goge teburin da hannun riga. "Na sani. Ba sai kin faɗa ba."

Ba sai ta faɗa ba kuwa, don duk wanda ke garin Osgood ya san abin da ake yi a maƙabarta ranar Asabar ta makon taro.

Osgood ƙaramin gari ne a bakin kogi a jihar Wisconsin, garin masu tsaga katako tun zamanin da ake da itatuwan tsagawa. Abin tinƙahonsa mutum ɗaya ne, Ansel Corwith, marubucin littattafan hikaya. A garin aka haife shi, ya bar shi yana saurayi, ya tare a New York yana zagin mutanen garin a takarda har ya tsufa. Bai bar kowa ba, daga fasto har wanzami. Da ya mutu aka dawo da gawarsa, 'ya'yan waɗanda ya zaga suka yi karo-karo suka kafa masa gunki a bakin kasuwa. Haka duniya take. In ka zagi mutane da baki su fasa maka kai, in ka zage su a littafi su sa wa titi sunanka.

Littafinsa da ya fi tashe shi ne Kogin Gungume. A ciki akwai wani mugun attajiri, Enoch Drell, mai injin tsaga katako, wanda ke kulle wa ma'aikata ƙofa don kada su fita shan taba. Ran nan wuta ta kama, suka ƙone a ciki. To, a Osgood ma an taɓa yin gobara a injin katako, mutane sun mutu, mai injin kuwa Amund Torvik ne, mahaifin Inna Thora. An yi bincike a lokacin, ba a kama kowa da laifi ba. Mutanen gari sun yi 'yan gutsiri-tsoma a kan littafin, suka gaji suka bari.

Sai wani saurayin malamin jami'a ya zo, wajen shekara talatin da suka wuce, sunansa Wendell Pruitt, siriri, mai ladabi kamar ɗan neman aure. Ya yi ta zarya gidan Inna Thora. Ta ba shi kofi, ta toya masa wainar dankali da man shanu da sukari, ta buɗe masa kundin hotunan gidansu. Ya tafi ya rubuta littafi mai kaurin bulo yana tabbatar wa duniya Drell shi ne Torvik: ga gemun, ga ɗingishin, har dokin ma launinsu ɗaya. Da wannan littafi ya zama farfesa, ya zama shugaban ƙungiyar masu nazarin Corwith, ya yi tumbi.

Shi ne kuma ya ƙago al'adar. Kowace kaka ƙungiyar kan yi taro a garin, malamai su yi kwanaki suna karanta wa juna ƙasidu. Ranar Asabar su hau tudun maƙabarta, kowa ya ajiye fensir a kabarin marubucin. Daga nan su gangaro kabarin Torvik, wani mai murya ya karanta babin gobarar, kowa ya ƙyasta ashana, ya hure, ya jefa tsinken a kan kabarin. Da farko malaman ne kawai. Daga baya ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido suka ɗauka, ko ba lokacin taro ba ana yi, har kantin da ke gidan marubucin yana sayar da 'yan akwatunan ashana masu hoton injin.

Inna Thora ba ta taɓa kai ƙara ba. Kowace Lahadi in an tashi daga coci sai ta je ta durƙusa ta tsince su ɗaya-ɗaya da yatsu. Marlys ta sha cewa ta bari ta taya ta, tsohuwar ta ce, "Ubana ne, ba naki ba." Wasiyyarta ɗaya tak: a kwantar da ita kusa da shi. An ma riga an haƙa ramin, taku biyu daga inda ake zubar da ashanar.

Marlys ba irin uwarta ba ce. Ta yi rayuwarta tana tuƙa motar 'yan makaranta, mace ce da ta saba tsawatar wa yaro ta madubi ya zauna ba tare da ta waiwaya ba. Washegari ta fara biyawa ta wajen ɗan sandan garin, Lyle, wanda ta sha kai shi makaranta yana majina.

"Mama, wallahi da da yadda zan yi da na yi," ya ce, yana sosa ƙeya. "Maƙabarta ta kowa ce. Tsinken ashanar da ya riga ya mutu kuwa, a dokar da na karanta, ba laifi ba ne."

"Ka tuna ka faɗi haka," ta ce, ta wuce.

Ta sami Farfesa Pruitt a falon tsohon otal na bakin kogi, inda ake taron. Wurin ya cika da masu rataye da suna a ƙirji, kowa riƙe da kofi yana magana, ba mai sauraro. Ya hango ta ya taso da hannu biyu.

"Malama Marlys, na ji rashin da aka yi. Allah ya ba ku haƙuri. Mace ce ta kirki, har yau ina tuna wainar dankalinta."

"Ita ma tana tuna ka. Duk Lahadi."

Ya yi kamar bai ji ba, ya ja mata kujera. Ba ta zauna ba.

"Asabar za mu binne ta, Farfesa, kusa da ubanta. Roƙo na zo yi, ni da ban saba ba. Ku kai fensiranku, ku yi karatunku a can sama. Bana kawai, kada ku gangaro."

Pruitt ya cire tabarau ya goge da bakin kwat. Irin mutanen nan ne da ba sa cewa a'a, sai su zagaya da kai har ka gaji ka ce wa kanka a'ar.

"Kin ga, an riga an buga tsarin taro. Akwai waɗanda suka taso daga Japan da Jamus. Bana kuma bikin zagayowar fitowar Kogin Gungume ne, an sabunta kabarin marubucin, 'yan talabijin na zuwa daga Madison. Sannan ina so ki gane wani abu, don mutane da yawa kan ruɗe a nan. Ba kakanki muke jefa wa ashana ba. Drell muke jefa wa. Drell kuwa ba mutum ba ne, alƙalami ne ya halicce shi."

"To ku je kabarin Drell ku jefa."

Ya yi murmushin malamai. "Ai ba shi da kabari."

"Shi ya sa kuka ari namu."

"Abin alama ce kawai, Malama."

"Na karanta littafinka, Farfesa. Bai yi mini daɗi ba, amma na kai ƙarshe, don ni ba na barin aiki a rabi. Daga bango zuwa bango cewa kake mutum ɗaya ne. Ran da za a ba ka kujerar farfesa mutum ɗaya ne. Yau da na zo roƙo sun zama biyu."

Na kusa da su suka rage surutu. Kunnen Pruitt ya yi ja, amma muryarsa ba ta canza ba.

"Ba ni kaɗai ba ne, akwai kwamiti. Zan kai musu maganarki da bakina, na yi miki alkawari."

"Yaushe kwamitin zai zauna?"

"Bisa ƙa'ida, ranar Lahadi, bayan an rufe taro." Ya yi saurin ƙarawa, "Amma za mu yi abin cikin natsuwa. Zan ma sa a yi ɗan shiru don girmama ta kafin a ƙyasta."

Marlys ta dube shi tun daga sanƙo har takalmi, irin duban da take yi wa yaron da ya yi fitsari a kujerar mota ya ce ruwa ne. Ta juya ta fita, don in ta ƙara minti ɗaya hannunta zai riga bakinta.

Ba ta kai motarta ba ta ji ana kiranta. Wata ce 'yar gayu, ba za ta wuce arba'in ba, da jaka cike da takardu, tana haki.

"Mama, ki yi haƙuri na tare ki. Sunana Dakta Corinne Leland. Na ji duk abin da kika gaya masa, kuma kin yi daidai. Mutumin nan ya yi shekaru yana sayar da ƙarya. Gobe zan karanta ƙasidata, zan nuna Drell ba kakanki ba ne sam. Mijin uwar Corwith ne ya zana, wanda ya riƙa dukansa yana yaro. Ina da hujjoji har sun yi mini yawa. In na gama da Pruitt, ko a kasuwar gwanjo ba mai sayen littafinsa."

Zuciyar Marlys ta ɗan yi sanyi, karo na farko tun ranar Talata.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. To in kin gama sai ki ce musu ba dalilin zuwa kabarinmu ranar Asabar."

Dakta Leland ta gyara riƙon jakarta. "Wannan kuma wani abu ne daban. Kin gane, al'adar ita kanta abin nazari ce. Yadda masu karatu ke ƙirƙiro wa kansu mai laifi. Babi guda na littafin da nake rubutawa a kanta yake. Na ma ɗauko mai ɗaukar hoto na kaina. Kuma bana, da yake ga jana'iza a gefe..." Sai ta ga inda bakinta ya nufa.

"Ƙarasa mana. Da gawa a gefe hoton zai fi kyau."

"Ba haka nake nufi ba, Mama."

"Shi wancan ya yarda kakana ya yi, shi ya sa yake jifa. Ke kin ce bai yi ba, kuma za ki tsaya ki ɗauki hoton jifan. A cikinku ban san wanda zan fara mari ba."

Ta shiga mota ta ja ƙofar da ƙarfin da ya sa tattabarun otal suka tashi.

Duane na da gidan abinci a kan babban titi, makon taro kuwa shi ne kakarsa. Har wani gashin tuffa yake sayarwa da sunan marubucin. Da yamma ya zo gidan Inna ya tarar da yayarsa tana fitar da faranta don walimar bayan jana'iza, tana ajiye kowanne kamar shi ya yi mata laifi.

"Yaya, ko mu ɗaga zuwa Litinin? Sun watse ke nan."

"Su Goggo Signe su kwana a ina har Litinin? 'Ya'yan Kawu Arne su bar aiki? Kuma don me Inna za ta ƙara kwana a firjin gidan gawa tana jiran baƙi su gama wasa a kan ubanta?"

"To ko a sauya rami. Akwai fili ta sabon gefe."

"Abu ɗaya ta roƙa a duniya, Duane."

Ya zauna a kan hannun kujera yana jujjuya hula. "Kada ki ci ni. Amma in kakanmu ya kulle ƙofar fa? Ba ma nan. Mutanen nan sun yi karatu, sun tono takardu."

"Ban sani ba ko ya kulle. Inna ma ba ta sani ba. Abin da ta sani, tana yarinya ta ga ubanta ya dawo da hannuwa a ƙone, ita ta riƙa ba shi abinci a baki har ya warke. Ko ƙofar ya je buɗewa, ko akwatin kuɗinsa ya je ɗaukowa, yana can shi da Ubangijinsa. Ba shi za mu binne ba. Inna za mu binne, ita kuwa ko kaza ba ta taɓa kulle wa ƙofa ba."

"Su ne cinikina, Yaya."

"Na sani. Ka ci gaba da gasa musu tuffa, ba na hana ka. Sauka ƙasa ka ɗauko mini babbar tukunyar kofi."

Ya sauka ɗakin ƙasa inda Inna ke ajiye tarkace. Shiru, shiru, bai fito ba. Can ta ji muryarsa ta sauya.

"Yaya, zo ki gani."

A bayan kwalaben tsimin kokwamba, a kan katakon da ke jikin bango, gwangwanayen kofi ne jere, manya, wasu sun yi tsatsa, wasu sababbi. Duane ya buɗe ɗaya yana riƙe da shi. Cike yake taf da tsinkayen ashana masu baƙin kai. Marlys ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Duk haka. Ashe tsohuwar ba ta taɓa zubar da ko ɗaya ba. Ko don sun taɓa kabarin ubanta ne ba ta iya jefa su a shara ba, ko kuwa fushinta ne take tarawa a inda ba mai gani, ba wanda zai iya tambayarta yanzu. Warin tsohuwar ƙuna ya cika ɗakin. Marlys ta tuna gwiwoyin uwarta, yadda suke kumbura duk Litinin, da man zafin da take shafa musu tana cewa sanyi ne.

Duane ya share ido da hula. "Bari in kai su juji kafin dangi su gani."

"Kar ka taɓa. Ranar Asabar ka bar mini makullin a-kori-kurarka. Kai ka bi motar gawa."

"Me za ki yi?"

"Kayan mutane zan mayar musu."

An kwana ana yayyafi, Asabar ta waye da laima. Aka yi addu'a a coci, aka yi waƙoƙin da Inna ke so. Ana shirin fitar da akwati Marlys ta zame ta ƙofar gefe, cikin baƙar rigarta da takalmin coci, ta hau a-kori-kura. Gwangwanayen na baya suna ƙarar gwaruwa duk ramin da ta faɗa.

A kan tudu malaman sun riga sun taru, sun fi ɗari, da lemomin tare ruwa da 'yan jakunkuna. Kabarin Corwith ya sha gyara. An kewaye shi da dutse, an shimfiɗe shi da farar tsakuwa tas kamar an zuba gishiri, sabon allon dutse na lulluɓe da koren ƙyalle ana jiran 'yan talabijin su iso a yaye. Fensira na jere a gefe. Daga can ana hango gangare, inda ramin Inna yake a buɗe kusa da kabarin Torvik. Wasu ma har sun fito da akwatunan ashanarsu suna kaɗawa.

Marlys ta tsayar da motar dab da su, ta sauko, ta buɗe baya. Ta rungumo gwangwani biyu ta ratsa taron. Suka buɗa mata hanya, don sun ɗauka mai kawo kayan aiki ce. Ta tsaya a kan kabarin ta kifa na farko, ta watsa shi kamar mai yafa iri. Ta kifa na biyu. Ta koma ta ɗauko wasu.

Sai a zuwa na uku Pruitt ya sami bakinsa.

"Malama, me kike yi haka? Kin san kabarin wa ye wannan?"

"Na sani. Tun ina yarinya ake kawo mu."

"Wannan cin mutuncin mamaci ne."

"Haba Farfesa. Ba shi nake zuba wa ba. Alama ce kawai." Ta kifa wani. "Naku ne ai. Inna ce ta adana muku tun daga na farko. Kowa ya duba ya ɗauki nasa, ba ta ci ko ɗaya ba."

Wata farfesa mai furfura ta dafe ƙirji. Wani dogo ya ce a kira 'yan sanda. Ba a yi nisan kira ba, Lyle na bakin ƙofa yana tsara wa motoci wurin tsayawa. Ya hau tudun a hankali kamar mai ciwon ƙafa, ya dubi kabarin, ya dubi Marlys, ya dubi sama.

"Ka kama ta," in ji Pruitt. "Kana gani da idonka."

Lyle ya durƙusa ya ɗauki tsinke ɗaya ya jujjuya shi. "Ranka ya daɗe, wannan ya mutu ai. Maƙabarta ta kowa ce. Matacciyar ashana kuwa, a dokar da na karanta, ba laifi ba ce. Shekara da shekaru haka nake gaya wa mutanen gidansu." Ya mayar da tsinken inda ya ɗauka. "Sannu da aiki, Mama. Ki dai kawar da motar daga hanya."

Ta juye na ƙarshe, ta bubbuga gindinsa don kada wani ya maƙale. Farar tsakuwar nan ta koma kamar bayan bushiya. Tsinkayen sun shige tsakanin duwatsu, laima ta kama su, baƙin kawunansu ya fara zuba yana rina wurin. Wani ya ruga ɗakin mai gadin maƙabarta ya dawo da tsintsiya, shara ɗaya ya yi ya kwashe tsakuwa ya bar ashana. Aka gwada manjagara, abin ya ƙara cakuɗewa. Wani ya duba agogo ya ce motar talabijin ta baro Madison tun ɗazu.

"To yaya ake cire su?" in ji farfesar nan mai furfura, ba ta san ma wa take tambaya ba.

"Da yatsu," in ji Marlys. "A durƙushe. Ɗaya-ɗaya. In gwiwa ta kumbura akwai man zafi a kantin magani na kusa da banki."

Ta tattara gwangwanayenta ta jefa a mota. A daidai lokacin motar gawa ta shigo ta ƙofar ƙasa, motocin dangi na biye da fitilu a kunne.

Aka sauke Inna Thora kusa da ubanta. Fasto ya yi karatunsa ba wanda ya katse shi, ba ƙarar ƙyasta ashana, ba mai karanta babin gobara. Ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga itatuwa da tarin Goggo Signe. Sau ɗaya Marlys ta ɗaga kai ta dubi tudu. Suna can, manyan malamai na ƙasa da ƙasa, sun jingine lemomi, sun durƙusa cikin wandunan taro, gindi a sama, suna tsinta suna zubawa a huluna da aljihu. Pruitt na tsakiya, sanƙonsa na sheƙi. Wani tsoho cikin baƙin da suka zo daga nesa ya bar su ya gangaro, ya tsaya can baya da hula a hannu har aka gama, ya rusuna wa ramin, ya koma.

Marlys ta zaci in ta ga haka za ta ji daɗi. Ba ta ji ba. Fushin na nan a ƙirjinta kamar garwashi, har sai da ta ɗebi ƙasa ta zuba, ta ji ƙararta a kan akwatin. Nan Duane ya riƙe ta, suka tsaya su biyu tsofai-tsofai suna kuka kamar yaran da aka manta a tasha.

Ana watsewa za a tafi walima, sai ga Dakta Leland ta biyo ta har mota, gwiwoyin siket ɗinta duk taɓo, yatsunta baƙi ƙirin.

"Mama, Allah ya ba da haƙuri. Na san ba lokacinsa ba ne. Amma gwangwanayen nan, kin san kayan tarihi ne. Ɗakin adana kayan Corwith zai so ya same su. Za a sa su a gilashi, da sunan mahaifiyarki a rubuce."

Marlys ta dube ta har sai da Dakta Leland ta sunkuyar da kai.

"Ashanar taku ce, na ba ku. Gwangwani na Inna ne. Ta ba wani ɗan'uwanki kofi da hotuna, kin ga abin da aka yi da su. Je ki tsinta, 'yar nan, an bar ki a baya."

Malaman ba su gangaro ba ranar. Kafin su gama tsinta 'yan talabijin sun iso, aka yaye ƙyalle a gurguje, mai ɗaukar hoto yana ta kauce wa baƙin tabon da ke tsakuwa, ruwa kuma ya sake saukowa kowa ya nemi mota. Da maraice Duane ya ce ciniki bai ragu ba, sai dai sun ci abinci shiru, kuma sun ƙarar masa da sabulun wanke hannu.

"Gwangwanayen fa, Yaya? In zubar yanzu?"

"Mayar da su inda ka gan su. Yau aka binne Inna, ba a binne taro ba. In sun dawo baɗi ni ma ina nan."

Ranar Lahadi, lokacin da kwamiti ke zaune a otal yana duba maganarta bisa ƙa'ida, Marlys ta fito daga coci ƙafafunta suka kai ta maƙabarta ba tare da ta yi shawara da su ba. Ta riƙo gwangwani ɗaya. Ta duba kabarin kakanta, ta duba sabuwar ƙasar da ke kan Inna, ta bi ciyawar gefe da ƙafa tana bincikawa. Ba ko tsinke ɗaya.

Ta tsaya da gwangwani a hannu, ba ta san abin da za ta yi da shi ba. Can ta kife shi a tsakanin kaburburan biyu, ta zauna a kai, ta gyara furannin da iska ta kayar.